Katin Shaidar Da Ya Raba Mutanen Ruwanda

Wannan jawabi ne da aka karanta a wani taron manoma da ɗaliban ajin manya. An buga shi a nan domin waɗanda ba su sami halarta ba.

 

Jawabin yau a kan tambaya ɗaya yake. A ƙasashe da yawa da Turawa suka mulka, ana samun mutane sun rabu hawa-hawa. Wasu a sama, wasu a ƙasa, tun daga ranar da aka haife su. Shin Turawa ne suka kawo wannan abu, ko kuwa tarar da shi suka yi?

Amsar ita ce, a wurare da yawa tarar da shi suka yi. Amma ba su bar shi yadda suka same shi ba. Sun ƙara masa ƙarfi. Sun rubuta shi a takarda, suka mai da shi doka. Sa'an nan suka ɗora kansu a can bisa saboda farar fatarsu. Domin a ga yadda hakan ya faru, za a bi labarin ƙasa ɗaya, wato Ruwanda, daga farko har ƙarshe. Daga nan a leƙa Indiya, sa'an nan a dawo gida.

Abubuwa biyu da za a fara ganewa

Na farko shi ne fifikon launin fata. Wato a ce farin mutum ya fi baƙi daraja da hankali, don kawai fatarsa fara ce. Da wannan tunani Turawan mulkin mallaka suka shigo Afirka. Sun jera 'yan Adam kamar matakan tsani. Bature yana can sama. Wanda ya ɗan yi kama da Bature a haske ko a hanci yana biye da shi. Baƙin mutum kuwa yana can ƙasa.

Na biyu shi ne matsayin gado. Wato a haifi mutum cikin wani rukuni, a ce nan ne wurinsa har ya mutu. Kowa ya san sana'ar gado. Ɗan maƙeri yakan tashi a maƙera, ɗan wanzami yakan gaji zabira, ɗan mahauci yakan gaji fawa. An kuma san gidajen da ke hana aure saboda asali. To, a wasu ƙasashe abin ya fi haka tsanani nesa ba kusa ba. Ba a auratayya, ba a cin abinci tare, har rijiya ma kowa da tasa.

Mulkin mallaka ya ɗauki waɗannan abubuwa biyu ya ƙulla su wuri ɗaya.

Ruwanda kafin zuwan Turawa

Ruwanda ƙaramar ƙasa ce a tsakiyar Afirka ta wajen gabas. Ta ɗan fi Jihar Kano faɗi. Babban birninta Kigali. Maƙwabtanta su ne Yuganda da Tanzaniya da Burundi da Kwango. Ƙasa ce mai tuddai da yawan ruwan sama. Ana noman ayaba da dawa da wake, ana kuma kiwon shanu masu dogayen ƙahoni.

Mutanen ƙasar rukuni uku ne. Akwai 'yan Hutu, su ne mafi yawa, wajen 85 cikin 100, akasarinsu manoma. Akwai 'yan Tutsi, wajen 14 cikin 100. An fi sanin su da kiwon shanu, kuma gidan sarauta nasu ne. Sai 'yan Tuwa, wajen 1 cikin 100, mafarauta da masu ginin tukwane.

Ku lura da wani abu. Dukkansu harshe ɗaya suke yi, ana ce masa Kinyarwanda. Sarkinsu ɗaya, ana ce masa Mwami. Al'adarsu ɗaya. Babu yankin Hutu daban, yankin Tutsi daban, tare suke zaune a kan tudu ɗaya. A cikin babban dangi ɗaya akan sami Hutu da Tutsi da Tuwa. Kuma ana auratayya.

Haka nan mutum yana iya canja matsayi. Ɗan Hutu da ya tara shanu, ya sami shiga a fada, ya auri 'yar Tutsi, sannu a hankali zuriyarsa takan koma Tutsi. Har suna da kalma ta musamman ga wannan, wato kwihutura. Gidan Tutsi da ya rasa shanu ya koma noma, shi ma a kwana a tashi sai a riƙa lissafa shi cikin Hutu.

Kada a ce zaman adalci ake yi a wancan zamani. Akwai danniya. Sarki Rwabugiri, wanda ya rasu a 1895, jarumi ne mai yaƙe-yaƙe. A zamaninsa aka ɗora wa manoma aikin tilas a gonakin hakimai, ana ce masa uburetwa, kuma 'yan Hutu kaɗai ke yin sa. Ke nan bango ya riga ya tsage kafin baƙi su iso. Hausawa kuwa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Amma duk da haka talaka yana da wurin kai kuka. A kowane yanki akwai shugabanni uku: mai kula da gonaki, da mai kula da makiyaya, da mai kula da mayaƙa. Sau da yawa mai kula da gonaki ɗan Hutu ne. In wannan ya matsa wa talaka, sai ya ruga wurin wancan. A arewacin ƙasar ma akwai ƙananan sarakunan Hutu masu cin gashin kansu.

Labarin ƙarya da aka shigo da shi

A 1863 wani Baturen Ingila mai yawon gano ƙasa, John Speke, ya buga littafi a kan tafiyarsa ta neman mafarin kogin Nilu. Ya ga masarautu masu tsari a yankin manyan tafkuna. Akwai sarki, akwai fada, akwai mayaƙa, akwai haraji. Zuciyarsa ba ta yarda baƙin mutum zai iya kafa irin wannan mulki da kansa ba. Sai ya ce lalle masu sarautar nan baƙi ne da suka gangaro daga Habasha, suka ci 'yan ƙasa da yaƙi. Shi Speke bai ma taɓa shiga Ruwanda ba.

Turawan da suka zo daga baya suka ɗauki wannan zance suka ɗora wa 'yan Tutsi. Suka ce su zuriyar Hamu ne ɗan Annabi Nuhu, jininsu ya fi kusa da na Turawa, don haka an halicce su ne don su yi mulki. 'Yan Hutu kuwa, wai an halicce su don bauta. Masana tarihi na yau sun yi watsi da wannan labari. Amma a wancan zamani an rubuta shi a littattafai, an koya wa yara shi a makaranta.

Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda ƙasashen Turai suka shirya yadda za su raba Afirka, Ruwanda ta faɗa rabon Jamus. A 1894 wani hafsan Jamus mai suna Gotzen ya gana da Sarki Rwabugiri. Jamusawa ba su da yawa a ƙasar. A 1914 dukkan Turawan da ke Ruwanda, har da 'yan mishan, ba su kai 100 ba. Yaya mutum 100 za su mallaki ƙasa sukutum? Dole su sami wasu 'yan ƙasa da za su riƙe musu sanda. A nan ne labarin Speke ya yi musu amfani. Sun goyi bayan Sarki Musinga da manyan fadarsa. A 1912 suka taimaka masa da bindigogi ya murƙushe mutanen arewa da suka ƙi bin sa.

Abin da Beljiyam ta yi

A 1916, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Beljiyam suka kori Jamusawa suka karɓi ƙasar. Su ne suka buga wa tsanin nan ƙusa. Ga abubuwa huɗu da suka yi.

Na ɗaya, sarauta. Tsakanin 1926 da 1931 suka rushe tsarin shugabanni uku, suka haɗa ikon a hannun hakimi ɗaya. Suka tuɓe shugabannin Hutu, suka naɗa 'yan Tutsi. Babban limamin cocin Katolika na lokacin, Leon Classe, ya goyi bayan haka. Zuwa 1959, cikin kujerun hakimai 45, 'yan Tutsi ne a kan 43, sauran 2 ba kowa a kai. Cikin dagatai 559 kuwa, 549 'yan Tutsi ne. Talaka ya rasa wurin kai kuka. Shi kansa Sarki Musinga, da ya ƙi ba su haɗin kai ya kuma ƙi shiga addininsu, sai suka tuɓe shi a 1931, suka naɗa ɗansa Rudahigwa.

Na biyu, makaranta. An buɗe babbar makaranta a garin Astrida, wanda yanzu ake kira Huye, don horar da ma'aikatan gwamnati. Akasarin ɗaliban 'ya'yan manyan Tutsi ne. Ɗan Hutu mai ƙwazo, hanyar da ta fi buɗe masa ita ce makarantar horar da limaman coci.

Na uku, aikin tilas. Da, gida guda ne ke ba da mutum ɗaya ya je aikin hakimi. Beljiyam ta mai da shi wajibi a kan kowane baligi namiji ɗan Hutu. Ga kuma aikin hanya, da noman gahawa dole, da haraji. Wanda ya gaza, a tsula masa dorina. To, wa ke riƙe da dorinar? Hakimi ko dagaci ɗan Tutsi. In bai cika abin da Bature ya yanka masa ba, shi ma a hukunta shi ko a tuɓe shi. Manomi ba ya ganin Baturen da ya ba da umarni. Wanda ya dake shi kawai yake gani. Dubban mutane suka gudu Yuganda neman aikin ƙodago saboda wannan wahala.

Na huɗu, katin shaida. Daga 1933 aka yi ƙidayar jama'a, aka ba kowane baligi kati. A jikin katin an rubuta ko shi Hutu ne, ko Tutsi, ko Tuwa. Ɗa yana bin abin da aka rubuta wa ubansa. Masanan Turawa kuma suka riƙa yawo da ma'auni, suna awon tsawon mutane da faɗin hancinsu, wai don su tabbatar jinsi daban-daban ne.

Daga ranar da aka rubuta katin nan, ƙofar canja matsayi ta rufe. Ko shanu nawa ɗan Hutu ya tara, Hutu ne shi da jikokinsa. Ko ɗan Tutsi ya tsiyace ya rasa ko akuya, Tutsi ne. Katin ne ke faɗin wanda zai shiga makaranta, da wanda zai sami aikin ofis, da wanda zai fasa dutse a bakin hanya.

A nan akwai abin da ake yawan mantawa. Akasarin 'yan Tutsi talakawa ne kamar maƙwabtansu. Ba su da sarauta, ba su da albashi. 'Yan tsiraru ne suka ci moriyar Turawa. Amma da yake kalma ɗaya ce a katin hakimi da katin matalauci, sai laifin hakimi ya hau kan kowa.

An juya tsanin, ba a karya shi ba

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu ilmi cikin 'yan Tutsi suka fara neman 'yancin kai da gaggawa. Da Beljiyam ta ga haka, sai ta juya musu baya, ta koma wajen 'yan Hutu. Sababbin limaman cocin da suka zo daga Turai ma suka koma can.

A 1957 wasu masu ilmi 9 'yan Hutu, cikinsu har da Gregoire Kayibanda, suka fitar da takardar koke. Kukansu na gaskiya ne, domin an danne su. Amma sun karɓi labarin da aka koya musu a makaranta, cewa 'yan Tutsi wani jinsi ne daban. Har ma suka ce kada a cire sunan rukuni daga katin shaida. Da, ana cewa Tutsi baƙo ne mai daraja, don haka ya yi mulki. Yanzu sai aka koma cewa Tutsi baƙo ne, don haka ƙasar ba tasa ba ce. Ƙaryar dai ɗaya ce.

Sarki Rudahigwa ya rasu a watan Yuli 1959. A watan Nuwamba na shekarar rikici ya ɓarke. Aka ƙone gidajen 'yan Tutsi, aka kashe mutane. Wani kanar na Beljiyam, Guy Logiest, ya riƙa tuɓe hakiman Tutsi yana naɗa 'yan Hutu. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama aka soke sarauta. Ranar 1 ga Yuli 1962 ƙasar ta sami 'yancin kai, Kayibanda ya zama shugaba. Dubban 'yan Tutsi suka yi gudun hijira zuwa ƙasashen maƙwabta.

Turawa sun tafi, katin bai tafi ba. Gwamnatin Kayibanda ta riƙe shi. An sake kashe 'yan Tutsi masu yawa a 1963. A 1973 aka kore su daga makarantu da ofisoshi. A wannan shekara Janar Juvenal Habyarimana ya yi juyin mulki, shi ma ya riƙe katin. Aka ƙayyade wa 'yan Tutsi ɗan ƙaramin kaso a makarantu da ayyukan gwamnati. 'Yan gudun hijira kuwa aka hana su dawowa, wai ƙasar ta cika.

Kwana ɗari na 1994

A watan Oktoba 1990 'ya'yan 'yan gudun hijirar nan suka shigo daga Yuganda da makamai, yaƙi ya tashi. Masu tsattsauran ra'ayi a gwamnati suka fara cusa wa jama'a tsoro. A Nuwamba 1992 wani ɗan siyasa, Leon Mugesera, ya faɗa a gaban taro cewa za a mai da 'yan Tutsi Habasha ta kogin Nyabarongo. Ku duba fa, shekara 129 ke nan bayan littafin Speke, amma zancen yana nan da ransa. A 1993 aka buɗe wani gidan rediyo mai suna RTLM, yana kiran 'yan Tutsi kyankyasai.

Ranar 6 ga Afrilu 1994 aka harbo jirgin saman Shugaba Habyarimana a Kigali. Ya mutu tare da shugaban Burundi. Nan take aka fara kisan ƙare dangi. Sojoji da 'yan daba suka kafa shinge a hanyoyi. Duk wanda ya zo, sai a ce ya nuna kati. In an ga an rubuta Tutsi, shi ke nan. An kashe mutane a gidaje da makarantu da coci-coci, akasari da adda da kulki. An zuba gawarwaki a kogin nan da Mugesera ya ambata. An kuma kashe 'yan Hutu masu son sulhu, cikinsu har da Firayim Minista Agathe Uwilingiyimana. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kiyasta an kashe wajen mutum 800,000 cikin kwana 100. Gwamnatin Ruwanda ta ce sun haura miliyan 1. Maimakon a ƙaro sojojin kiyaye zaman lafiya, sai Majalisar ta janye akasarinsu. Kisan bai tsaya ba sai da 'yan tawaye suka kama Kigali ranar 4 ga Yuli, suka karɓi ƙasar.

Dole a faɗi gaskiya a nan. Ba Bature ne ya riƙe adda a 1994 ba. Beljiyam ta bar ƙasar da shekara 32. Shugabanni 'yan ƙasa ne suka shirya kisan don kada mulki ya kuɓuce musu. Maƙwabci ne ya kashe maƙwabcinsa. Akwai kuma 'yan Hutu da suka ɓoye maƙwabtansu, wasu har suka rasa rayukansu a kan haka. Kowa da zaɓin da ya yi, kowa kuma da alhakinsa. Laifin mulkin mallaka shi ne ya shuka labarin, ya kuma bar katin. Laifin shugabannin da suka biyo baya shi ne sun yi wa shukar ban-ruwa.

Bayan 1994 an cire sunan rukuni daga katin shaida. An kafa kotunan gargajiya na ƙauye, ana ce musu Gacaca. Daga 2002 zuwa 2012 sun saurari shari'u kusan miliyan 2. Shi kuwa Mugesera, a 2016 kotu ta yanke masa ɗaurin rai da rai.

A leƙa Indiya

Ba a Ruwanda kaɗai aka yi haka ba. Indiya ita ce ƙasar da aka fi sani da matsayin gado, kuma can Ingila ce ta yi mulki.

Tsarin Indiya ya girmi zuwan Turawa da dubban shekaru. A sama akwai Brahmin, wato malaman addinin Hindu. Sai mayaƙa da masu sarauta. Sai 'yan kasuwa. Sai masu aikin ƙarfi. A ƙarƙashin duka akwai waɗanda aka ce ko taɓa su ba a yi, masu shara da jima da kwasar bayan gida. Yau ana kiran su Dalit. Cikin waɗannan manyan rukunoni akwai dubban ƙanana, kuma matsayin kowanne yakan bambanta daga yanki zuwa yanki.

Turawan Ingila suka fara ƙidayar jama'a a 1871 zuwa 1872, suna rubuta rukunin kowa. A ƙidayar 1901 shugaban aikin, Herbert Risley, ya jera rukunonin daga sama zuwa ƙasa a takardar gwamnati. Shi ma mai awon hanci ne. Ya ce wai gwargwadon sirantar hancin mutum, gwargwadon darajar rukuninsa. Sai takardun koke suka yi ta kwararowa. Kowane rukuni yana roƙon a ɗaga shi sama da maƙwabcinsa. Maimakon a haɗa kai a fuskanci mai mulki, sai aka koma jayayya a kan jerin da mai mulki ya rubuta.

A 1871 kuma aka yi wata doka da ta ce wasu ƙabilu masu laifi ne tun daga haihuwa. Jariri ma yana ciki. Dole su yi rajista wurin 'yan sanda, ba su tafiya sai da izini. Miliyoyin mutane abin ya shafa. Ba a soke dokar a ƙasa baki ɗaya ba sai a 1952, bayan samun 'yancin kai.

Wani ɗan Dalit mai suna Ambedkar, wanda aka haifa a 1891, ya ɗanɗana wannan wulakanci. A makaranta a kan buhu yake zama nesa da sauran yara. In ya ji ƙishirwa, sai masinja ya tsiyayo masa ruwa daga sama, don kada ya taɓa mazubin. Bai fasa karatu ba har Amurka da Ingila. A 1927 ya jagoranci dubban 'yan Dalit suka je suka sha ruwa a tafkin garin Mahad, wanda aka hana su. Daga baya shi ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulkin Indiya. Tsarin ya fara aiki ranar 26 ga Janairu 1950, kuma sashe na 17 ya haramta ƙyamar 'yan Dalit. An ware musu gurabe a makarantu da aikin gwamnati da majalisa. Duk da haka har yau ana nuna musu bambanci, musamman a ƙauyuka. Doka takan canja a rana ɗaya, amma zuciya tana ɗaukar lokaci.

A dawo gida

Me ya haɗa wannan labari da ƙasar nan? Akwai mutum ɗaya da ya haɗa su. Lugga, wato Gwamna Lugard, a Indiya aka haife shi, a garin Madras, a 1858. Ya yi aikin soja a can. Ya yi aiki a Yuganda, maƙwabciyar Ruwanda, daga 1890 zuwa 1892. Sojojinsa ne suka ci Kano da Sakkwato a 1903.

Shi ma da tsaninsa ya zo. A rubuce-rubucensa ya ce Fulani masu sarauta sun fi sauran jama'a iya mulki, yana danganta hakan da jininsu. Ƙabilun da ba Musulmi ba kuwa ya sa su a can ƙasa. Amma Bafulatanin daji mai biyan jangali bai ci komai ba daga wannan yabo, kamar yadda talakan Tutsi bai ci ba. Yabon hanyar mulki ce kawai.

Garuruwa ma an raba su. A Kano, Turawa suna Nasarawa, mutanen kudu suna Sabon Gari, 'yan gari suna cikin birni. Doka ta ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da gidajen baƙar fata, wai saboda zazzaɓin cizon sauro. Asibitin Turawa daban, kulob ɗinsu daban, albashinsu daban.

Tarihin Nijeriya ba ɗaya yake da na Ruwanda ba, kada a haɗa su. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da za a riƙe

Jama'a, ga abubuwa kaɗan da ya kamata kowa ya tafi da su gida.

Duk wanda ya zo ya ce wata ƙabila jininta na mugunta ne, ko na bauta, ko na mulki, a tambaye shi wace riba zai ci in an yarda da maganarsa. Speke da Risley sun faɗi irin wannan, kuma an ga waɗanda suka ci ribar.

Duk wanda ya ce mutanen da aka haifi kakanninsu a gari baƙi ne, su koma inda suka fito, a tuna da kogin Nyabarongo. Ko a rediyo aka ji zancen, ko a wayar salula, ko a dandalin siyasa, kada a yaɗa shi.

In wani ya yi laifi, a kama shi shi kaɗai. In makiyayi ɗaya ya yi ɓarna a gona, ba dukkan makiyaya ne suka yi ba. In manomi ɗaya ya tare burtali, ba dukkan manoma ne suka tare ba. A kai magana wurin mai unguwa ko dagaci ko alƙali tun tana ƙarama.

A cikin gida kuma, a duba yadda ake yi wa masu sana'ar gado. Garmar da ake noma da ita daga maƙera ta fito. Ranar suna kowa wanzami da mahauci yake nema. Bai kamata a raina ɗansu a aji ba, ko a hana shi aure saboda sana'ar kakansa. A duba halinsa da aikinsa.

Sa'an nan duk takardar da za a rubuta sunan mutum a ciki, ta ƙidaya ce ko ta rajista, ya karanta ya san abin da aka rubuta a kansa, ya kuma tambayi amfanin da za a yi da ita. Manoman Ruwanda na 1933 akasarinsu ba su iya karanta katin da aka miƙa musu ba.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka rasu, ya ba ƙasar nan da maƙwabtanta zaman lafiya. A sauka gida lafiya. Wassalamu alaikum.